Tatiya da Baƙon Kwana Uku

A garinmu, in baƙo ya shigo ta ƙofar yamma ya tsaya yana waige-waige, ba ya kaiwa ga tambaya. Mai sayar da zaitun zai dube shi daga sama har ƙasa, in ya ga jakar fata da sanda da takalmin da ya sha hanya, sai ya turo baki wajen wani lungu ya ce, "Gidan Tatiya kake nema. Bi nan, in ka ji ana yi wa wani faɗa, to ka iso." Shi mai zaitun ba ruwansa da Almasihu, gumakan kakanninsa yake yi wa yanka, amma ya san masu bi in ya gan su, ya kuma san inda suke sauka.

Tatiya gajeriya ce, kakkaura, hannuwanta sun yi ja saboda wankin ulu. Murya kuwa Allah ya ba ta har ta yi yawa. Ba ta iya yin alheri shiru ba. Tana zuba maka miya tana tambayar wace uwa ce ta bar ka ka fito da wannan riga, tana shafa maka mai a ƙafa tana zagin wanda ya ɗinka maka takalmi. Baƙi da yawa sun tsorata da ita ranar da suka zo, ranar tafiya kuma suka rabu da ita da hawaye. Ni dai ban taɓa ganin wanda ya sha faɗanta ya rame ba.

A wancan zamani 'yan'uwa masu bi ba su da ɗakin sujada, a gidaje ake taruwa, matafiyi kuma ba shi da abin dogaro sai ƙofar ɗan'uwa. Masaukan kan hanya cike suke da kuɗin cizo da ɓarayi, naman da ake dafawa a ciki kuma rabinsa daga gaban gunki ya fito. Saboda haka duk mai bi da ya taso daga birnin Afisa za shi gabas, sai ya ratsa ta tsakar gidan Tatiya. Ita kanta ba ta taɓa haye gadar bayan gari ba, amma in ka zauna da ita za ta gaya maka wadda ta haihu a Antakiya da wanda aka kulle a Roma, kamar jiya ta dawo daga can.

Aikin a rabe yake tsakaninta da mijinta Zotikos. Tarba tata ce. Tana da wata tsohuwar kwatarniya da bakinta ya ɓantare a gefe guda, a ciki take wanke ƙafar kowane baƙo da ruwan ɗumi kafin ta yarda ya fara ba da labari. Daga nan sai gurasar sha'ir da miyar wake da ɗan cuku. Rakiya kuma ta Zotikos ce. Shi dogo ne siriri, fataucin ulu yake yi da jaki guda, magana kuwa sai ka roƙe shi. Ranar tafiya Tatiya za ta cusa wa baƙo gurasar da za ta kai shi gidan 'yan'uwa na gaba, da busasshen ɓaure, Zotikos ya ɗora jakar a kan jaki ya raka shi ta ƙofar gabas har gada. A nan za su yi addu'a, su rungumi juna, kowa ya kama gabansa. Ita tana gida tana wanke kwatarniya.

Akwai ƙa'ida guda da kowa ya sani: baƙo kwana uku yake yi. In ya wuce haka, ko dai ya kama sana'a ya ci guminsa, ko a gane ba Ubangiji ne ya aiko shi ba, cikinsa ne. Ba don rowa aka kafa ta ba. An taɓa yin wani mai zaƙin baki da ya sauka gidan wata gwauruwa, ya ce Ruhu ya hana shi tashi. Ruhun kuwa bai sake shi ba sai da man zaitun ɗinta na shekara ya ƙare.

Wanda ya kawo mana ƙa'idar, ya kuma fi kowa riƙe ta, shi ne Baba Kalinikos. Malami ne mai yawo, ba gida ba mata, tun gashinsa na baƙi yake zagaya garuruwa yana koyarwa. Shi ya yi wa Tatiya baftisma a kogin da ke ƙarƙashin gadar nan, shekarar da ɗanta na fari ya rasu, lokacin da ta daina magana har maƙwabta suka fara tsorata. Bai yi mata dogon wa'azi ba. Ya ci gurasar da ta ƙona, ya ce a ƙaro, sannan ya ce tun da ya baro Afisa bai ci gurasa marar daɗi irin wannan ba. Ta buɗe baki ta wanke shi tas, daga ranar kuma muryarta ta dawo. Tun daga nan ta ɗauke shi uba, shi ma "'yata" yake ce mata. Amma ko sau ɗaya bai taɓa ƙara mata kwana ba. Wata shekara ana tafka ruwa ta ɓoye masa takalmi don ya zauna, ya yi mata sallama ya fita ba takalmi, sai da Zotikos ya bi shi da su a guje.

A shekarar da nake ba da labari, bayan an gama matsar inabi, wasu makiyaya suka kawo shi ƙofar gidan, suka ce a bakin hanya suka same shi yana yi wa itace gaisuwa. Kallo ɗaya Tatiya ta yi masa gabanta ya faɗi. Yanar ido ta rufe masa gani, ya rame har rigarsa ta yi masa yawa. Ya yi mata gaisuwar baƙo, ya tambaya ko nan gidan 'yan'uwa ne.

"Baba, ni ce fa, Tatiya."

"Na san wata Tatiya," in ji shi. "Yarinyar kirki ce, gurasa ce dai ba ta iya ba."

Ta yi dariya, ta juya baya ta share ido da gefen mayafi. Addu'o'insa duk suna nan a bakinsa, ba wadda ta zube. Ƙidayar kwana ma tana nan daram. Sauran abubuwa kuwa sun tafi.

Ran da ya cika kwana uku ya naɗe tabarmarsa, ya laluba ya ɗauki sanda, ya ce za shi gabas, 'yan'uwa na jiransa a bayan dutse. Ƙanƙara ta riga ta fara sauka a kan duwatsun. Tatiya ta san in tsohon nan ya hau can, sai bayan sanyi makiyaya za su tsinci sandarsa. Ta durƙusa gabansa ta gaya masa gaskiya ba kwana-kwana: ya tsufa, idonsa ba ya gani, ya zauna nan har Allah ya yi ikonsa.

"Ni Kalinikos za a ce na zauna ina cin gidan mutane? Abin da na yi ta hana wasu? 'Yar nan, me na yi miki da za ki tozarta ni da furfurata?"

Ta sa sakata ta kulle ƙofa. Ya tsaya yana buga ƙofar da sanda yana kuka kamar wanda aka ɗaure, kuma wannan ne Tatiya ta kasa ɗauka. Ta zare sakatar, ta cusa gurasa da ɓaure a jaka, ta miƙa wa Zotikos. Suka fita. Ta zauna a tsakar gida, ranar ko wuta ba ta hura ba, maƙwabta har suna leƙowa su ga abin da ya sa gidan ya yi tsit.

Da la'asar aka ƙwanƙwasa ƙofa. "Salama ga gidan nan. Ko nan gidan 'yan'uwa ne?"

Ta buɗe. Ga Baba Kalinikos da ƙura a ƙafa, ga Zotikos a bayansa yana sosa ƙeya kamar wanda ya fasa tulun mutane. Ta dubi mijinta, shi kuma ya dubi jaki.

"Maraba da baƙo," in ji ta. "Shigo, Baba. Wane marar tausayi ne ya ɗinka maka wannan takalmi?"

Bayan tsohon ya ci ya kishingiɗa, ta ritsa Zotikos a wajen turken jaki.

"To, yi bayani."

"Mun yi addu'a a gada," in ji shi. "Na sake shi, sai na ga ya nufi gangaren kogi. Na ce bari in ƙara masa rakiya kaɗan."

"Kaɗan ɗin ce ta zagayo da ku ƙofar yamma?"

"Ni ban ce komai ba. Jaki ne ya juya. Ya san hanyar bayan tudu, ta nan muke bi sayen ulu."

"Kai da jakinka, ashe akwai mai hankali a cikinku," in ji ta, ta kuma zuba wa jakin sha'ir fiye da yadda ta saba.

Haka abin ya zama al'ada. Baba ya yi kwana uku, a yi masa guzuri, a rungume shi, Zotikos ya fita da shi ta gabas, su bi ta gonakin inabi su zagaya tudu, da la'asar su shigo ta yamma. Gari duk ya sani. Mai zaitun kan tsaya da fuskarsa a ɗaure ya nuna masa lungu kamar bai taɓa ganinsa ba. Baba kuwa ya warware, har ƙiba ya fara yi. Tana wanke masa ƙafa yana ba ta labarin hanya.

"Gidan da na baro, matar akwai faɗa," yakan ce. "Amma miyarta, ba a magana."

"Ai na ji labarinta, Baba. An ce ba ta da kirki ko kaɗan."

"A'a, 'yar nan, kada ki ci namanta. Bakin ne kawai."

Mutum guda ne abin bai yi wa daɗi ba, ƙaninta Alkimos, dattijon ikilisiya. Mutum ne mai gaskiya har ta yi masa yawa, irin wanda in ka tambaye shi ko rigarka ta yi kyau sai ka yi da-na-sani. Wata Lahadi, ranar Ubangiji, bayan an kakkarya gurasa a taron sujada an watse, ya tsaya ya ce yana da magana.

"Yaya, abin nan yaudara ce."

"Wace ƙarya na yi? Daga hanya yake ko ba daga hanya yake ba? Ƙafarsa da ƙura ko babu?"

"Kin san abin da nake nufi."

"Na san na goya ka kana tsula mini fitsari a baya, yau kuma ka zo da gemu kana koya mini tsoron Allah."

"Ki zage ni yadda kike so," in ji Alkimos. "Amma mutumin da ya koya mana faɗin gaskiya, shi muke zagayawa da shi kamar jakin niƙa, arna suna yi masa dariya a kasuwa."

Maganar ta soke ta, domin ita ma takan yi wannan tunanin in tana murza ulu ita kaɗai. Ta san tana ƙaunar tsohon, abin da ba ta tabbatar ba shi ne ko ƙaunar ta ba ta ikon yi masa haka. Sai ta ce, "Ni na gaya masa, na kuma ga abin da na gani. In kana da zuciyar, zo ka gaya masa da bakinka." Ya ce zai zo ranar tafiya ta gaba.

Kafin ranar ta zo, Zotikos ya zame a kan ƙanƙara a bayan tudu, gwiwarsa ta kumbura har ba ya iya taka ƙasa. Hankalin Tatiya ya tashi. In ita ta yi rakiyar, wa zai buɗe ƙofa ya tarbe shi? Tsohon ma ba zai yarda mace ta ɗaukar masa jaka ba. In kuwa ba mai rakiya, shi kaɗai zai fita, ta kuma san inda ƙafarsa za ta kai shi.

Da safe Baba ya naɗe tabarma ya tsaya a tsakar gida da sandarsa. Alkimos ya shigo, da gani ka san ya shirya maganarsa tun daga gida. Ya gyara murya.

"Baba, akwai abin da ya kamata ka sani."

Tsohon ya miƙa hannu yana lalube har ya kama damtsensa. "Kai ne mai rakiyar? Ubangiji ya sa maka albarka, ɗana. Ka yi haƙuri da ni, tafiyata a hankali take yanzu. Amma ban taɓa zame wa kowa kaya ba. Ka tambaya a duk garuruwan nan, ba gidan da zai ce Kalinikos ya ƙara masa kwana." Ya faɗi haka da fara'a, kamar mai nuna abu ɗaya tak da ya rage masa a duniya.

Alkimos ya dubi yayarsa, ita kuwa ta ƙi taimakonsa ko da ƙiftawar ido. Can sai ya sunkuya ya ɗauki jakar.

"Jakin ya san hanya," in ji Tatiya. "Kai dai kada ka nuna masa ilimi."

Da la'asar tana bayan ƙofa ta ji takunsu. Ta ji Baba yana tambaya, "Ɗana, wane gari ne wannan?" Ta riƙe numfashi, domin tun da aka haifi Alkimos ba ta taɓa jin ya yi ƙarya ba, ko don ya kare kansa daga duka.

"Garin 'yan'uwanka ne, Baba," in ji shi. "Ana jiranka."

Bayan ta gama da ƙafar tsohon ta raɗa wa ƙaninta, "Dattijo, ashe kai ma ka iya zagaye."

"Yaya, don Allah ki ƙyale ni," in ji shi, idonsa jajir.

Daga ranar rakiya ta zama ta jama'a. Yau maginin tukwane, jibi masaƙi, wani lokaci Alkimos da kansa. Da sanyi ya tsananta aka daina zuwa bayan tudu, sai a ɗora shi a kan jaki a lulluɓe shi da bargo, a zagaya ganuwa kawai a dawo. Bai taɓa ƙorafin hanya ta yi gajarta ba.

Wajen ƙarshen sanyi, wata rana da ya iso tana wanke masa ƙafa, hannunsa ya sauka a bakin kwatarniyar, daidai inda ya ɓantare. Ya yi ta shafa wurin da ɗan yatsa.

"Tatiya."

Tun kaka bai kira sunanta ba. Hannunta ya tsaya cak a cikin ruwa. "Na'am, Baba."

"Har yanzu ba ki sake kwatarniyar nan ba. Duk garin da na je, ita nake tararwa."

Tsoro ya kama ta. Ta jira ya tashi ya nemi sanda, ta jira kukan nan da ba ta son sake ji. Shi kuwa sai ya ɗora hannu a kanta.

"Na gajiyar da ku, 'yata."

"Wa ya ce? Baƙo ba ya gajiyar da mu, sai in mai kushe gurasa ne."

Ya yi dariya har da tari. "Kwana uku zan yi."

"Na sani, Baba."

Daga nan hankalinsa ya sake lulluɓewa, ya tambaye ta ko tana da labarin 'yan'uwa na Antakiya.

Ran da kwana ukun suka cika ta gasa gurasa da sassafe, ta sa a jaka tare da ɓaure, sannan ta shiga ta tashe shi. Ta same shi kwance, ya ɗaura takalmansa, sandarsa na gefensa, jikinsa ya yi sanyi. Ta zauna kusa da shi ta yi kuka mai isarta, tana yi tana masa faɗa a kan ya kwanta da takalmi a tabarmar mutane.

Wannan karon gari ne ya yi rakiya. Mai zaitun ma ya rufe rumfarsa ya bi sahu daga baya. Maƙabartarmu tana hayin gada, saboda haka Zotikos ya hau jaki da gwiwarsa a ɗaure, Tatiya kuma ta rataya jakar ta bi su. Ranar ce ta fara haye gadar a rayuwarta. Alkimos ya yi addu'a. Da aka gama ta fito da gurasar guzurin ta kakkarya, kowa ya ci ɗan guntu a bakin kabari.

Da la'asar suka dawo gida, ita da Zotikos. Sai a lokacin ta ga tukunyar ruwa a kan garwashi tana tururi. Ita ta ɗora ta da safe kafin ta shiga ɗakin, yadda ta saba yi duk ranar tafiya, ga kwatarniya a gefe da man shafawa. Ta tsaya tana kallonsu. Ba wanda zai ƙwanƙwasa ƙofa yau.

Zotikos ya sauko daga jaki da ƙyar, yana ɗingishi zai wuce ɗaki.

"Zauna," in ji ta.

"Ni?"

"Akwai wani dogo a gidan nan ban da kai? Zauna na ce. Kai ma daga tafiya kake."

Ya zauna a kan kututture yana rarraba ido. Ta juye ruwan a kwatarniya, ta durƙusa ta kwance masa takalmi. Duk shekarun nan ta wanke ƙafafun mutanen Afisa da na Antakiya da na Roma, amma ba ta taɓa duban nasa da kyau ba. Faso ya tsattsaga masa dunduniya, kaushi ya yi kauri kamar fatar jakar da yake ɗauka.

"Wane marar tausayi ne ya ɗinka maka wannan takalmi?" in ji ta.

"Ke kika saya mini," in ji Zotikos.

"Yi mini shiru, miƙo ɗayar."

Ya miƙa mata ɗayar ƙafar, ta sa ta cikin ruwan tun bai huce ba.